Malam-buɗe-littafin dare masu ƙarewa: me zai hana a kiwata su dubu-dubu a saki kawai?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji wasu gidajen namun daji suna kiwon malam-buɗe-littafin dare da ke gab da ƙarewa suna maida su daji, shine kake tambaya tunda mace ɗaya na zuba ƙwai ɗari ko fiye, me zai hana a tara su dubu-dubu a saki a huta, sannan ko kai ma za ka iya yi a gida. To bari in fara da abinda duk wanda ya taɓa wannan aikin zai gaya maka, kiwon cikin keji shine ɓangare mafi sauƙi a duk lamarin. Inda ake shan wuya shine wurin da za a kai su, domin abinda ya kashe iyayensu a wurin in yana nan bai gusa ba, ko miliyan ka zuba haka zai cinye su, shekara biyu ka dawo da fitila ka kwana ba ka ga ko ɗaya ba.

Da farko ka san yawan abinda muke magana a kai. Irin na dare da aka yi wa suna a duniya sun kai wajen 160,000, na rana kuwa da kowa ke sha'awa ba su kai 20,000 ba. A Birtaniya kaɗai akwai kusan 2,500 na dare, na rana kuma ba su wuce 60 ba. Mutane da sun ji an ce asu, wato ɗaya sunan na daren, sai tunaninsu ya tafi kan mai cin tufafi a akwati, alhali masu wannan ɓarnar 'yan tsiraru ne ƙwarai, sauran suna can suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan da daddare, tsutsarsu kuma ita ce abincin da tsuntsaye da yawa ke ciyar da 'ya'yansu da shi, manyansu kuma jemagu su ci. Kuma suna raguwa, ba zato ba ne, a Birtaniya akwai tarkunan fitila na cibiyar Rothamsted da ake ƙirga abinda suka kama duk dare tun shekarun 1960, rahoton 2021 ya nuna yawan manyan nau'o'in ya faɗi da kashi 33 cikin 100 daga 1968 zuwa 2017. Shi ya sa ma yawancin misalan da zan kawo daga can suke, nan ne aka fi daɗewa ana wannan aikin ana kuma rubuta abinda ya faru, har da wanda bai yi ba.

Abinda ke ruɗar mutane shine suna kallon mai fuka-fukin a matsayin shine dabbar. A'a fa. Mai fuka-fukin galibi kwana kaɗan yake yi, sati ɗaya ko biyu, wasu ma kamar manyan masu siliki na daji ba su da bakin cin abinci kwata-kwata, aikinsu barbara da ƙwai su mutu. Rayuwar tana wajen ƙwai da tsutsa da kwanso (inda tsutsar ke kwanciya ta rikiɗe zuwa mai fuka-fuki), kuma tsutsar nan tana da tsirfa ta ban mamaki, da yawa daga cikin masu ƙarewar shuka ɗaya tak suke ci, in ba ita ba gara su mutu da yunwa a kan ganye kore shar.

Ɗauki wanda ake kira Barberry Carpet a Ingila. Tsutsarsa ganyen wata ƙaramar bishiya mai ƙaya take ci, barberi, wadda a da take cike da shingayen gonaki. Sai aka gano ciwon tsatsar alkama, wani fangas ne, yana yin wani zango na rayuwarsa a jikin wannan bishiyar kafin ya koma kan alkama, shikenan manoma suka bi ta suna tumɓukewa shekara da shekaru, kuma ni ban ga laifinsu ba, abincinsu suke karewa. Amma bishiya na tafiya ƙwaron ya bi ta, har a ƙarshen shekarun 1980 wuri ɗaya kawai aka san yana nan, a Suffolk. Nan aka fara kiwonsa, wani masani Paul Waring yana gaba-gaba a aikin, gidajen namun daji da masu sa kai suka karɓi tsutsotsi suna reno. Kuma ya yi ta haihuwa a keji babu gardama, zubi biyu yake yi a shekara, ba a taɓa rasa tsutsar da za a saki ba. Aka saki a wurare daban-daban, wasu suka kama, da yawa kuma shiru. In ka duba dalili kusan kullum maganar bishiyar ce, ko ta yi kaɗan, ko tana nesa da 'yar uwarta, ko kuma an zo da injin aske shinge a daidai lokacin da tsutsa ke kan ganye an share komai a rana ɗaya. Shi ya sa daga baya nauyin aikin ya koma kan dashe, a shirin ceto halittu masu ƙarewa na Back from the Brink da ya fara a 2017 an dasa dubban barberi a yankin Wiltshire da Gloucestershire da Dorset domin a haɗa wuraren da ƙwaron ya rage, ana kuma lallaɓa masu gona su jinkirta askin shinge har tsutsa ta sauka ƙasa ta shiga kwanso. Kuma a nan dole a yi adalci, damuwar manomi ba ta mutu ba, a 2013 an sake ganin wannan tsatsar a jikin alkama a Suffolk bayan shekaru masu yawa ba a gan ta ba, don haka ba a dasa bishiyar a gefen gonar alkama, ana nemo mata wuri nesa. Duk mai wannan aikin da bai iya zama da manomi ya saurare shi ba, to gaskiya bai fara ba.

Wanda ya fi burge ni tsari shine na Fisher's Estuarine Moth. Shi a bakin teku yake a arewacin Essex da wani yanki na Kent, shukarsa ɗaya, Peucedanum officinale, dangin su karas ce mai tsayi. Matsalarsa teku ce, wuraren da shukar take ƙasa-ƙasa ne, ruwan gishiri na ƙara hawa, ambaliya ɗaya mai ƙarfi na iya shanye mafi yawan abinda ya rage. To me aka fara yi? Ba keji ba. Shuka aka fara dasawa a filaye masu tudu inda ruwa ba zai kai ba, aka jira ta yi shekaru ta yi saiwa mai kauri, saboda tsutsar da ta ƙyanƙyashe wajen Afrilu zuwa Mayu cikin kara take fara shiga tana ci, daga nan ta gangara cikin saiwa ta ƙare girmanta a can, ƙaramar shuka ba za ta ɗauke ta ba. Ga kuma wani abu da sai wanda ya durƙusa ya kalla da idonsa zai sani, uwar ba a kan shukar take saka ƙwai ba, a cikin kuben busasshiyar doguwar ciyawa da ke kusa take cusa su wajen Satumba da Oktoba, su kwana a nan duk lokacin sanyi. Kenan in ka dasa shukar ka kuma yanke ciyawar gefe don wuri ya yi tsaf, ka kashe zuriyar shekara guda da hannunka. Sai da aka shirya duk wannan sannan gidan namun daji na Colchester ya fara kiwo a 2008, a manyan kejin raga da aka dasa shukar da ciyawar a ciki, in uwa ta yi ƙwai sai a yanko karan ciyawar da ƙwan a jiki a kai sabon fili a ɗaure. Ka ga jerin, fili tukuna, shuka, ciyawa, lokacin yanka, sannan ƙwaro a ƙarshe.

Yanzu bari mu shiga ɗakin kiwon tunda shi ka fi tambaya. Kayan ba wasu masu tsada ba ne, robobi masu murfi, tishu a shimfiɗa a ƙasa, kejin raga, buroshi mai laushi na ɗaukar ƙananan tsutsa don yatsa na murje su, firij, da littafin rubutu wanda wallahi ya fi duk sauran muhimmanci. Aikin ne mai cin rai. Kullum sai an canza ganye, an kwashe kashi, an goge raɓar da ta taru a murfi domin danshi shi ke kawo fumfuna, kuma ganyen dole ka san inda ya fito, shukar da aka sayo a wurin masu sayar da furanni sau da yawa an ba ta maganin ƙwari irin mai shiga cikin jikin shuka wanda wanki ba ya fitarwa, ka ba tsutsa da yamma da safe ka tarar da su a miƙe. Da yawanmu mun fi son a ɗaura buhun raga a kan reshen shuka mai rai a waje a bar tsutsar a ciki, tana samun rana da iska da sanyin dare irin na gaske, tsuntsu kuma bai kai gare ta ba.

Babban abin tsoro cuta ce. A daji tsutsotsi a warwatse suke, a roba kuwa suna kan juna suna cin ganyen da 'yar uwa ta yi kashi a kai. Akwai wani bairos da ke narkar da cikin tsutsa, za ka ganta ta rataye a reshe ta yi laushi, da an taɓa ta fashe, ruwan kuma duk inda ya taɓa ya zama guba ga saura, cikin kwanaki kaɗan sai a rasa ɗaki guda. Akwai kuma wata ƙwayar cuta Nosema da ta fi wannan wayo saboda tana bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa 'ya'ya, ita ce ta kusa durƙusar da sana'ar siliki a Faransa har aka kira Louis Pasteur a 1865. Dabarar da ya kawo har yau tana aiki, a ware kowace uwa ita kaɗai ta yi ƙwanta, bayan ta gama a niƙa jikinta a duba a madubin likita, in an ga cutar a ƙone ƙwanta gaba ɗaya. Don haka ake raba zuriya gida-gida, ba a cunkusa su, ana wanke kaya da bilic, kuma in da hali a ajiye wani kaso a wani gari daban don kar annoba ɗaya ta tafi da duka. Kuma ka lura, haɗarin bai tsaya a keji ba, in ka saki masu ɗauke da cuta kusa da 'yan ragowar na daji to ka kai musu ajali da sunan taimako.

Sai maganar lokaci. A ƙasashe masu sanyi kowane nau'i yana da matakin da yake tsayawa cak ya jira sanyi ya wuce, wani a ƙwai, wani a tsutsa, wani a kwanso, kuma tsawon rana da sanyin ne ke gaya masa yaushe zai tsaya yaushe zai farka. Ka ajiye su a ɗaki mai ɗumi da fitila a kunne har dare sai lissafin ya rikice, ƙwai ya ƙyanƙyashe sati uku kafin shuka ta yi toho, ko maza su fito su mutu kafin mata su fito. Barbarar ma ba kullum take zuwa da sauƙi ba, macen tana sakin wani ƙamshi ne da namiji ke shaƙa da eriyar kansa, a wasu manyan nau'o'in daga nisan fiye da kilomita, to a rufaffen ɗaki da ƙamshin ya cika ko'ina namijin rasa inda zai dosa yake, sai an sa su inda iska ke ɗan kaɗawa a kuma daidai sa'ar da suka saba.

Wanda ya fi min ciwo a duk tarihin nan shine Essex Emerald, wani kore mai kyau da tsutsarsa ke manna guntayen ganye a jikinta don ta ɓuya, yana cin wata shuka dangin tazargade a fadamun gishiri na bakin kogin Thames. Sai da ya rage 'yan kaɗan ƙwarai sannan aka kwashi wasu aka fara kiwo, a farkon shekarun 1990 na daji suka ƙare, aka zauna da na keji kaɗai, dukkansu kuma jini ɗaya ne, wa da ƙanwa ake ta haɗawa zuriya bayan zuriya. Ƙwai ya riƙa ƙin ƙyanƙyashewa, waɗanda suka fito ba ƙarfi, a 1996 na ƙarshe suka mutu. Mutanen da suka riƙe shi sun yi iya yinsu, an dai makara ne. Shi ya sa ni ina ganin kuskure ne a ce sai abu ya kai gargara sannan a fara kiwo, lokacin da ya dace shine tun ana da ɗaruruwa a daji, yadda za a ɗauki ƙwai kaɗan-kaɗan daga uwaye da yawa ba tare da an raunana na dajin ba. Uwa ɗaya mai ƙwai 300 ba ta kai uwa 30 masu ƙwai goma-goma daraja ba, ko kusa. Nan littafin da na ce yake shigowa, wa ya haifi wa, wa aka haɗa da wa, kuma duk bayan 'yan zuriya a shigo da sabon jini daga daji in akwai.

Akwai kuma wata matsala da ba a gani da ido, keji na sauya dabba. A keji wanda ya zauna lafiya bai yi ta dukan raga ba, ya yarda ya yi barbara a ƙunci, ya zuba ƙwai da yawa a kan duk abinda aka ba shi, shine ke barin zuriya, mai son tashi nesa kuwa fuka-fukinsa yake yagewa ya mutu. Ba ka yi niyya ba amma kana zaɓe. Wasu masana biyu, Lewis da Thomas, sun buga bincike a 2001 kan wani farin malam-buɗe-littafi na rana mai cin kabeji da aka riƙe a keji zuriya 100 zuwa 150, suka tarar ya fi na daji nauyi, fuka-fukinsa sun ragu, ƙwansa ya ƙaru. Ƙarshen wannan hanyar kuwa kowa ya san shi, asun siliki na gida da aka yi dubban shekaru ana kiwo yau ko tashi ba ya iyawa. Don haka ƙa'idar ita ce a taƙaita zaman keji iya yadda za a iya.

To an zo saki. Wane mataki za a saki, ƙwai ko tsutsa ko manya? Kowanne da nasa. Manya in ka sake su wasu tashi suke su bar wurin, ƙwai yana da sauƙin ɗauka amma yawancinsa ba zai kai ko'ina ba, tsutsa mai ɗan girma ta tsallake lokacin da aka fi mutuwa amma ta ci wahalar reno. Kuma ka tuna lissafin daji, cikin ƙwai ɗari ko ɗari biyun nan da ka ambata, biyu kacal ake bukata su kai ga haihuwa don yawan ya tsaya yadda yake, sauran na tsuntsu ne da gizo-gizo da tururuwa da ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsa. Haka abin yake tun asali ba matsala ba ce. Matsala tana zuwa in an ƙara wani maƙiyi a kan na da. A Amurka a 1906 an shigo da wani ƙuda daga Turai, Compsilura concinnata, don ya kashe wata tsutsa mai cinye ganyen daji, sai ya zama ba ya zaɓe, yana afka wa nau'o'i barkatai. Masu bincike a jami'ar Massachusetts sun ajiye tsutsotsin babban asun siliki na daji, cecropia, a kan bishiyoyi don su ga me zai faru, a sakamakon da suka buga a 2000 wajen kashi 80 cikin 100 wannan ƙudan ya kashe. A irin wannan dajin ko tirela ka cika da tsutsa ƙuda kake ciyarwa. Fitilun titi ma haka, binciken da aka buga a 2021 a kudancin Ingila ya sami tsutsotsi sun ragu da kashi 47 cikin 100 a shingayen da ke ƙarƙashin fitila idan aka kwatanta da na duhu, kuma fararen LED sun fi tsofaffin masu ruwan ɗorawa ɓarna. Ga Reddish Buff na tsibirin Wight, an kiwata shi da kyau a gidajen namun daji, an yi ta gwada maida shi babban yankin Ingila, yawancin sakin bai kama ba.

Abinda ya kamata ya tsaya maka a rai shine wasu daga cikin manyan nasarorin ko keji ba a buɗe ba. New Forest Burnet, wanda shi da rana ma yake tashi, ya ɓace daga kudancin Ingila a 1927, sai a 1963 aka gano wasu a wani gangaren dutse a bakin teku a Argyll ta yammacin Sikotilan. A wajen 1990 sun koma kamar 20 kacal saboda tumaki sun gwaguye ciyawar har ƙasa. Shinge aka kafa aka hana tumaki shiga, shikenan, cikin shekaru suka koma dubbai. Amma kar ka ɗauka dabba ita ce maƙiyi kullum, Netted Carpet na yankin tafkunan Ingila akasin haka ne, shukarsa mai fitowa duk shekara daga iri tana son ƙasar da aka tattake, sai da aka riƙa shigar da shanu dajin lokacin sanyi suna tattakawa sannan shukar ta yawaita ƙwaron ya biyo ta. A wuri ɗaya cire dabba ne magani, a wani wurin shigo da ita, kuma ba mai gaya maka wanne ne sai ka zauna ka karanci rayuwar wannan nau'in shi kaɗai.

To yaushe kenan keji ke da amfani na gaske? Lokacin da wuri mai kyau yana nan an gyara, amma ƙwaron ba zai iya kai kansa ba. Dark Bordered Beauty misali ne, ya rage a 'yan wurare ƙalilan a tsaunukan Cairngorms na Sikotilan da wuri ɗaya a Ingila, Strensall Common kusa da York. A Sikotilan tsutsarsa ganyen ƙananan tohon bishiyar aspen take ci, waɗanda ke fitowa daga saiwa, kuma barewa da tumaki suna son wannan tohon, in an kare shi kuma ya girma ya wuce yadda tsutsar ke so, kenan kullum sai an samu sabon toho na tasowa. An samu wuraren da aspen ke farfaɗowa amma suna nesa da inda ƙwaron yake, shi kuma ba mai dogon tashi ba ne. Nan mutanen gidan namun daji na Highland Wildlife Park suka shigo suka fara kiwo, a 2023 aka fara sakin tsutsotsi a wurin da aka zaɓa. Wannan shine aikin keji, ya zama kwalekwalen da zai tsallakar da su kogin da ba za su iya haurawa ba. Akwai kuma waɗanda keji ba zai taɓa yi musu komai ba, kamar asun bogong na Ostareliya da ke tafiyar ɗaruruwan kilomita duk shekara zuwa kogunan duwatsu, a da da biliyoyi ake lissafinsa, fari ya karya shi daga 2017 har ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar barazana a 2021, wannan maganarsa ta ruwan sama ce da gonaki da fitilun birane a kan hanyarsa.

Kuma ranar saki ba ita ce ranar nasara ba duk da ita ake ɗauka a hoto. Ganin manya 'yan makonni bayan an zuba tsutsa yana nuna sun rayu ne kawai. Abinda muke jira shine jikoki, wato a daina ƙarawa daga keji a kuma ci gaba da samunsu shekara uku, biyar, goma, har da shekarar da yanayi ya ɓaci. Wannan na bukatar mutum ya riƙa komawa da tarkon fitila ko ya shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin reshe ya bubbuga ya ƙirga tsutsar da ta faɗo, a lokaci ɗaya da hanya ɗaya duk shekara, kuɗin tallafi kuma galibi shekara uku ko huɗu ne ya ƙare, nan ayyuka da yawa ke mutuwa ba wanda ya san ƙarshensu. Ƙa'idojin IUCN na 2013 kan maida dabbobi muhallinsu sun nanata abubuwan nan, a gano dalilin ɓacewa a kawar da shi kafin saki, a auna haɗarin cuta, a kuma tsara bibiya tun kafin a fara.

Game da ko za ka iya a gida, masu ƙarewar dai a'a, kuma ba don raina ka ba. A ƙasashe da yawa doka ta hana, a Birtaniya irin su Barberry Carpet suna ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1981, ko kama shi sai da lasisi, kuma uwa ɗaya da ka ɗauke daga wurin da suka rage 50 babban rashi ne. Haka nan don Allah kar ka sayi ƙwai ko kwanso ta intanet ka reno ka saki, ba ka san cutar da ke jikinsu ba, ba ka san daga wace ƙasa jininsu yake ba, kuma kana rikita wa masu ƙirga lissafi don za su ɗauka nau'in ya dawo da kansa. Amma renon na gama-gari da ka tsinta a kan ganye kusa da kai, wannan kam yi, da shi kowa ya koya. Ɗauki biyu ko uku tare da ganyen da ka same su a kai, ka ci gaba da ba su wannan ganyen dai, ka sa 'yar ƙasa da busasshen ganye a ƙasan robar don wasu a ƙasa suke yin kwanso, ka rubuta ranar da ka samu da sunan shukar da ranar da ta daina ci da ranar da ta fito, ka ɗauki hoton kowane mataki, in ta fito ka maida ta daidai inda ka ɗauko ta da yamma. Ka ɗora hotunan a manhajar tattara bayanan halittu ta iNaturalist da wuri da kwanan wata. Kar ka ga kamar wasa ne, a ƙasashe masu zafi akwai nau'o'i masu ɗimbin yawa da aka san babban amma ba a taɓa rubuta kamannin tsutsarsa ko shukar da take ci ba, kuma ka ga daga labarin barberi da na ciyawar Essex cewa da wannan bayanin ake fara komai. In ka yi shekara biyu kana haka hannunka ya faɗa, sai ka nemi sashen nazarin ƙwari na jami'a ko wata ƙungiyar kare muhalli da ke da izini ka ce kana son sa kai, masu canza ganye da wanke robobi da kwana gaban fitila kullum ba sa isa.